Ƙwayar da na kai wa Yaya

A kemis ɗaya, a kan kanta ɗaya, sai ka tarar da ƙwayoyi iri biyu da ba sa ga maciji da juna. Ga sha-ka-fashe, wadda 'yan mata ke saye in biki ya matso don a ciko a yi kumatu. Ga kuma ƙwayar rage teɓa, wadda iyayensu ke tambaya ƙasa-ƙasa in mutane sun ragu a shagon. Ta farkon Kano ta daɗe da saninta. An yi wa'azi a kanta, an tattauna ta a rediyo, likitoci sun gaji da faɗin cewa akasarinta sitiroyid ne da magungunan buɗe ciki, masu kumbura fuska su bar yarinya da hawan jini ko ciwon suga. Ta biyun ce ba a cika maganarta a fili ba. Ana yabonta a majalisa, amma abin da take yi wa mai shanta kowa a cikinsa yake barinsa. Ni ita na sha. Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da ni ma na bi sahun masu shiru. Sai dai ya wuce kaina ya taɓa matar da ta goya ni ina yaro.

A cikin gari tumbi ba aibu ba ne. In ya fara turo riga, abokai cewa suke, "Alhaji, naira ta zauna," kai kuma ka yi dariya ka shafa shi. Babbar riga tana rufa asiri, tela ba ya tonawa, sai dai ya ƙara yadi ya ƙara kuɗi. Ni ɗan Soron Ɗinki ne, sana'ata yadi a Kantin Kwari, sana'ar da ake yi a zaune daga safe har magariba. Da safe waina da miya, ko ƙosai da koko. Da azahar garau-garau ko ɗanwake, a malala mai a barbaɗa yaji. Da la'asar in mai gurasa ko mai awara ta gifta ba a ƙyale ta. Duk baƙon da ya zo sarin kaya daga Maraɗi ko Agadas sai an kawo lemo, kuma ba a barin baƙo ya sha shi kaɗai. Da dare tuwo da man shanu, in an fita majalisa a rufe da tsire. Tafiyata ta ƙafa ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa inda ake hawa adaidaita sahu.

Gwiwa ce ta fara tsorata ni. Tasowa daga sujada ta koma sai da nishi. Wata Sallah na saɓa ƙaramin ɗana a wuya zuwa Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe, na isa ina haki, zufa ta jiƙe ni, har yaron da kansa ya ce in sauke shi. Da aka auna ni, jini ya hau, nauyi ya wuce misali. Likitoci suna da lissafin da suke kira BMI: nauyinka a kilo, a raba shi da tsawonka a mita sau kansa. In ya kai 30, ƙibar ta zama ciwo. Ga mai tsawon mita 1.7 irina, wannan yana farawa daga wajen kilo 87, ni kuwa na daɗe da yin adabo da 87. An ce in je Asibitin Murtala, wanda ba shi da nisa da mu, in ga likita ya haɗa ni da masanin abinci. Na tuna layi, na tuna shago, na ce sai wani jiƙon.

A majalisa wani abokin kasuwa ya ba ni gajeriyar hanya. "Akwai wata kafso, Alhaji. Ka ci abin da ranka ke so, ka jefa ɗaya, ita za ta tare man." Rabin maganarsa gaskiya ne, shi ya sa ta kama ni. Washegari na je wani kemis na faɗi sunan, yaron shagon ya zaro kati daga kwali ya miƙo mini. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Takardar bayanin nan mai ƙananan rubutu a kwalin ta zauna, don kati na saya. Ba zan ɗora wa yaron laifi ba. Ina karanta Turanci, waya tana aljihuna, amma abin da na nema a intanet a daren nan hotunan waɗanda suka rame ne kawai.

Sunan maganin orlistat, kuma ba na bogi ba ne. Kamfanin Roche na birnin Bazel a Suwizalan ne ya samar da shi, daga wani sinadari da aka gano a jikin wata bakteriya mai rayuwa cikin ƙasa. Turai ta amince da shi a 1998, Amurka a 1999, da sunan Xenical, kafso mai miligiram 120 da ba a bayarwa sai da takardar likita. A 2007 Amurka ta yarda a sayar da mai rabin ƙarfi, miligiram 60, ba tare da takarda ba, da sunan Alli. Yau kamfanoni barkatai suna yin nasu, kuma irin waɗannan na saya. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Man da muka ci ba ya shiga jini a yadda yake, sai wani sinadari da ciki da fankiriyas ke fitarwa ya daddatsa shi, kamar yadda mahauci ke daddatsa cinya kafin ta shiga tukunya, sannan hanji ya iya tsotsewa. Orlistat dakushe wannan wuƙar yake yi, sai kusan kashi 30 cikin 100 na man da ke cikin abincin ya wuce ba a taɓa shi ba. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya rage yunwa, ba ya narkar da kitsen da ya riga ya zauna, ba ruwansa da tuwo ko shinkafa ko burodi ko sukari.

Abin da abokina bai faɗa ba shi ne inda man da aka tare yake zuwa. Ba ɓacewa yake yi ba, kuma ƙofa ɗaya gare shi. A gafarce ni, dole in kira abin da sunansa, don rashin faɗarsa ne ya jawo duk abin da ya biyo baya. Bayan gida yakan zo da maiƙo, buta ɗaya ba ta isa tsarki sai an sa sabulu. Matsuwa takan zo ba sallama, ba ta jiran ka ƙarasa ciniki. Mafi muni, iskar da mutum ke zaton iska ce kawai takan fito da ɗigon mai ruwan goro, wani lokacin ma ba tare da ya ji komai ba. Masu maganin ba su ɓoye wannan ba. Lokacin da Alli ya fito a Amurka, masu sayar da shi sun shawarci sababbin shiga su sa wando mai duhu, su tafi wurin aiki da na canji. Mu nan farar shadda muke sawa, mu zauna a tabarma, mu yi salla biyar cikin jam'i.

Kuma gwargwadon man da ka ci, gwargwadon hukuncin. Ƙa'idar masu shan ƙaramar kafson ita ce kada man da ke cikin abinci ya wuce giram 15 a zama ɗaya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kusa giram 14. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai garau-garau yana cewa "ƙara mai" ya san cokali nawa ke cikin ludayinta.

Na gane haka ne a wani ɗaurin aure a unguwa. Na karya da waina da man shanu, na jefa ƙwayata, na zuba farar shadda mai sitati. Bayan an shafa fatiha aka fito da soyayyen nama da funkaso, na ci hankalina kwance. Da na miƙe zan gaisa da waliyyin amarya, wani ƙanen ango ya matso ya raɗa mini, "Baba, ka zauna a kan manja." Na waiwaya na duba tabarmar, har da tsaki, har da faɗan masu rabon abinci da ba sa kula. Na san ba manja ba ne. Na bi ta lungu na koma gida, ina sa wa magabata albarka da suka yi lungunan cikin gari da ƙunci da kwana-kwana. Maiɗakina ta karɓi kayan ta duba, ba ta ce uffan ba. Da kanta ta wanke, ba ta bai wa mai wanki ba.

Salla ce ta fi tayar mini da hankali. Mutum ya kabbara yana wasi-wasi: alwalar nan tana nan? Wandon nan da tsarki? Na daina kutsawa ciki a Babban Masallacin Juma'a na gefen gidan Sarki, na koma shimfiɗa darduma can baya a waje, inda in ta ɓaci zan sulale. Da abin ya ishe ni, na tsaya bayan karatun dare a zauren malaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ke shan wani magani," na kwashe labarin na faɗa da sunan abokin. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, in ya lizimce shi rabin lokaci ko fiye, salisi ne, ana yi masa rangwame. In kuwa jefi-jefi yake zuwa, alwala ta warware. Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Amma rangwame na wanda ba shi da yadda zai yi ne, Alhaji. Abokin nan naka, in ya bar maiƙo abin zai tsaya?" Na ce zai tsaya. "In ya bar ƙwayar fa?" Na ce zai tsaya. Ya ce, "To ka gaishe shi, ka ce ya zaɓi ɗaya."

Ban zaɓi ko ɗaya ba, dabara na ƙirƙiro. Ranar da na san akwai biki, ko Juma'a ce, ko zan yi baƙi a shago, sai in ajiye ƙwayar in ci maiƙona lafiya lau. Ranar tuwon dawa da miyar kuka ba man shanu, ranar nake jefa ta, in kwana ba fargaba. Wato ina shanta a ranar da ba ta da abin tarewa, ina barinta a ranar da take da aiki, kuma ina biyan kuɗi.

Ko da bisa ƙa'ida na sha ta, lissafi bai goyi bayan mafarkina ba. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9. Wanda ya ci giram 60 na mai a yini, ƙwayar za ta tare masa wajen giram 18, kalori 160 da 'yan kai ke nan. Lemon roba mai santilita 50, irin mai zaƙin nan, yakan ɗauki sukari wajen giram 50, kalori kusan 200. Ke nan lemo ɗaya da na taya baƙo sha ya cinye aikin kafso uku har da canji. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin, aka fitar da shi a 2004, ya bi mutum 3,305 tsawon shekara 4. Duka an sa su gyara abinci su motsa jiki. Rabi aka ba su orlistat, rabi kafson da ba komai a ciki. A matsakaicin lissafi masu maganin sun rage kilo 5.8, waɗancan kilo 3. Bambancin bai kai kilo 3 ba. Adalci ne a faɗi cewa kamuwa da ciwon suga ta ragu da kashi 37 cikin 100 a ɓangaren masu maganin, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba shi aka tallata mini a majalisa ba.

Duk da haka na ɗan zabge da farko, don tsoro ya hana ni cin abinci a waje. Mutane suka lura. A nan ne na tafka babban kuskuren.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwar Inna. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun fi nawa kuka. Ranar wani suna ta kira ni gefe ta ce, "Auta, me kake sha ne? Na ga wuyanka ya fito." Daɗi ya kama ni. Na gyara zama na zayyana mata, har da ƙarin gishiri. Ta ce, "Ba shi da wata illa?" Na ce, "Yana ɗan saka gudawa, Yaya, ba wani abu ba." Wannan maganar ce nake jin nauyinta har yau, don ba mantawa na yi ba. Tabarmar nan tana cikin idona lokacin da nake faɗa. Amma ta yaya ƙane zai dubi yayarsa, a tsakar gida cike da surukai, ya ce mata mai zai zubo mata a zani? Kunya ta sa na taƙaita, son a yaba mini ya sa na saya mata. Washegari na aiki yaro ya kai mata a leda.

Akwai kuskure na biyu, wanda ba shi da ko uzurin kunya. Shekarun baya an yi wa Yaya aikin maƙoƙo, an cire mata tairod, halittar nan ta gaban wuya da ke daidaita ɗumin jiki da kuzarinsa. Tun daga nan kullum da asuba sai ta sha 'yar ƙwayar tairoksin, wadda ke maye gurbin abin da aka cire, kuma haka za ta yi iya rayuwarta. Ba labari aka ba ni ba. Ni na kai ta asibiti, ni na kwana a baranda, sau da yawa ni ke sayo mata ƙwayar in ta ƙare. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa kafson da ke hana hanji tsotsar mai zai iya hana shi tsotsar wani abin.

Sai ta sha ƙwayar wuya bayan sallar asuba, in an jima kaɗan ta karya da ƙosai da koko ta jefa tawa. A hankali jikinta ya fara mutuwa. Kasala, barci da rana tsaka, jin sanyi a watan da kowa ke neman fanka, fuska ta ɗan kumbura, fata ta bushe, ga mantuwa. Nauyin da ake son ragewa sai ma ya ƙaru. Ana maganar wanda ya je neman ƙiba ya samo rama. Ita juyin wannan ta samu, da ciwo a kai. A gida aka shiga hasashe. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce shekaru, wata ta kawo rubutu. Ta daina zuwa biki, ita da ba a taro a dangi ba da ita ba, muka ɗauka kasalar ce. Ashe ita ma ta gamu da abin da na gamu da shi, a wajen wani yinin biki, a gaban dangin mijinta. Ba ta faɗa wa kowa ba sai babbar 'yarta, ni kuwa ko da wasa ba za ta iya faɗa mini ba.

'Yar ce ta tona. Da aka je ganin likita, gwajin jini ya nuna kamar ba ta shan ƙwayar wuyan yadda ya kamata. Yaya ta rantse ba ta taɓa tsallake rana ba. Likitan ya ce a zazzage masa duk abin da take sha, har na gargajiya. Yarinyar ta buɗe jaka ta ajiye katin a kan tebur. Ya tambayi wanda ya rubuta mata. Ta ce, "Kawu ne." Ina tsaye a bakin ƙofa.

Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Tambayoyi ya jero mini a natse. Ko na san cewa mai shan tairoksin, in har zai sha orlistat, sai an raba su da aƙalla awa 4, ana kuma bin jininsa da gwaji? Ko na san bitamin A da D da E da K a cikin mai suke shiga jiki, shi ya sa ake bai wa mai shan wannan kafso ƙwayar bitamin ya sha da dare, nesa da lokacin kafson? Ya ce mu gode wa Allah tairoksin take sha. Da warfarin ne, maganin tsinka jini, ƙarancin bitamin K na iya sa jini ya ƙi tsayawa. Da maganin farfaɗiya ne, faɗuwa na iya dawowa. Haka masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a ba su sam. Sai ya juyo kaina ya ce, "Kai kuma, Alhaji, an taɓa duba hantarka?"

Ba a taɓa ba. A watan Mayun 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a ƙara gargaɗi a takardar maganin, bayan ta tattara rahoton mutum 13 da hantarsu ta taɓu ƙwarai. Biyu sun rasu, uku sai da aka yi musu dashe. A cikin wajen mutum miliyan 40 da suka sha shi wannan ƙalilan ne, kuma hukumar ba ta yanke cewa maganin ne sanadi ba. Amma a garin da ciwon hanta ba baƙo ba ne, kuma da yawanmu ba mu taɓa gwaji ba, idon da ya yi rawaya ko fitsarin da ya yi duhu ba abin jira ba ne. Ƙoda ma tana da nata kason. Man da ya maƙale a hanji yana kama kalsiyam, sai wani gishiri mai suna oksalet ya samu sarari ya shiga jini, ya taru a ƙoda ya zama tsakuwa. A haɗa wannan da zafin Kano na watan Afrilu, da azumi, da ɗan kasuwar da ke ƙin shan ruwa don kada ya bar shago. An duba ni, Allah ya rufa asiri.

Ni dai na san sunan abin da na sha. Da yawa ba su da wannan gatan. A Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan 'yan magani na Sabon Gari da Malam Kato, don a koma sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya inda za a fi sa ido. Amma cinikin rage ƙiba ya riga ya koma waya. A WhatsApp da TikTok ake tallar shayin rage tumbi da kafso marasa asali, tare da kayan mata da man bilicin, a kawo maka har ƙofar gida. Abin da ke ciki sai Allah sai mai haɗawa. Akwai wani magani, sibutiramin, da Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomi a ƙasashe da dama suna tsintarsa ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa na ganye zalla. Duka ta hanya ɗaya suke yawo, wadda tawa ta bi ta isa hannun Yaya: wani ya ga wani ya rame, ya tambaya, a ba shi suna da yabo, a riƙe sauran.

Na koma wajen abokin da ya fara ba ni labari, na tambaye shi ko ta taɓa yi masa abin da ta yi mini. Ya dubi hagu da dama, ya tuntsire da dariya. "Kai ma? Ni a cikin jirgin Legas ta kama ni." Na ce me ya hana shi faɗa mini? Ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ba maganar majalisa ba ce." Ban iya yin fushi da shi ba, don amsar da zan bai wa Yaya ke nan.

Neman gafarar ya fi komai wuya, don ba ya yiwuwa sai da labarin tabarma. Na je da dare bayan mijinta ya fita masallaci, na durƙusa na faɗa mata duka, har da tsakin da na yi wa masu rabon abinci. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Ashe ka sani, Auta, ka bar ni na je gidan mutane?" Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Na ce na tuba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma an ɗauki lokaci kafin ta koma aiko mini da dambun da ta saba.

Jikinta ya dawo a hankali bayan an tsayar da kafson, gwajin ya daidaita. Ni kuma na je wajen masanin abincin da na guje wa tun farko. Lemo ya fara cirewa, sannan ya rage malmalar tuwo da ludayin mai, ya ƙara ganye, ya ce in riƙa takawa daga gida zuwa Kwari da safe. Nauyin yana sauka sannu-sannu, wani watan ma ya tsaya cik.

Likitan Yaya bai haramta mata maganin ba. Da ta warware ya ce nauyinta ya kai a rubuta mata shi in tana so, da sharaɗin ƙwayar wuya da asuba, kafso sai daga azahar, a rage soye-soye, a riƙa gwada jini. Ta gyara mayafi ta ce ta gode, Likita, amma a bar ta da ƙibarta tukuna. Tun haihuwar fari suke tare, ba ta taɓa sa ta aron zani a gidan biki ba.